Shin Na'ura Za Ta Iya Sa Mutum Ya Laƙanci Harshe?

 Akwai wata tambaya da ta yawaita a bakin matasanmu a 'yan shekarun nan, musamman waɗanda ke da burin yin rubutu da Turanci ko Larabci ko Faransanci, ko fassara ayyukanmu zuwa waɗannan harsuna. Tambayar kuwa ita ce: shin manhajar koyon harshe, irin wadda ake sa wa kwamfuta ko wayar hannu, za ta iya kai mutum ga laƙantar harshe, har a ce yana jin sa kamar jakin Kano da Hausa? Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, domin harshe shi ne fartanyar marubuci, kuma wanda aka ruɗa game da fartanyarsa an ruɗe shi game da gonarsa.

Koyon harshe da taimakon na'ura ba yau aka fara shi ba. Tun a shekarar 1901 aka kafa kamfanin Linguaphone a Landan, wanda ya shahara da sayar da darussa a faifan garmaho. A 1992 kuma Rosetta Stone ta fito a Amurka da darussanta a faifan kwamfuta, tana haɗa hoto da murya da rubutu. Sai a 2012 aka buɗe wa jama'a Duolingo, wadda Luis von Ahn da Severin Hacker suka ƙirƙiro a birnin Pittsburgh, ta mai da darasi tamkar wasa, aka kuma ba da ita kyauta. Kowanne daga cikinsu ya zo da albishir iri ɗaya, watau mutum ya koyi harshe yana zaune a ɗakinsa.

Adalci shi ne mu fara da faɗin alherin abin. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa tana da sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan an koyi abu, kuma maimaitawa bayan tazarar lokaci tana rage ta. Malaman makarantar allo sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka riƙe tishi da tilawa. To, a wannan fage na'ura ta fi mu. Tana riƙe da lissafin kalmar da ɗalibi ya manta, ta dawo masa da ita a kan kari, ba ta gajiya, ba ta tsawa, ba ta neman kuɗin mota. Matar aure da ke cikin gida, da saurayin ƙauye wanda babu malamin Faransanci a makarantarsu, duk ta buɗe musu ƙofar da a da take kulle. Wanda ya raina wannan bai san zafin rashin malami ba.

Sai dai kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san me ake nufi da laƙantar harshe. A ganinmu hawa uku ne. Na farko shi ne sanin kalmomi da ƙa'idojin nahawu. Na biyu shi ne iya fitar da su nan take a bakin mutane, ba tare da an tsaya ana fassara a zuci ba. Na uku, wanda shi ne ƙololuwa, shi ne sanin abin da ya dace a faɗa, da wanda za a faɗa wa, da lokacin faɗa, da kuma inda shiru ya fi magana.

Mu gwada da Hausa, tunda ita muka fi sani. A rubuce, gashin kai da gashin nama sura ɗaya suke da ita, tsawon wasali ne yake raba su a baki, kuma wannan na'ura za ta iya koyar da shi da murya. Amma ina za ta kai ɗalibi ga gane cewa "sannu da aiki", in uwa ta faɗa wa yaron da ke kwance hantsi ya dubi ludayi, gatse ne? Ko cewa wanda ya miƙe ya ce "ina zuwa" tafiya zai yi? Ko cewa attajirin da aka roƙa ya ce "bari mu gani" sau da yawa ya riga ya hana? Yaya za ta sa ya ji nauyin da ke hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari, ko ya san irin muryar da ake sassautawa a ce "ya haƙuri" a zauren makoki? Habaici da zambo da shaguɓe da barkwancin taubasai, duk a cikin zaman tare suke rayuwa. Kowane harshe kuwa yana da irin nasa.

Akwai kuma maganar lokaci, wadda talla ba ta cika son ambata ba. Cibiyar da ke horar da jami'an diflomasiyyar Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Turanci yana bukatar awa 600 zuwa 750 a aji kafin ya iya aiki da harshe irin Faransanci ko Sifaniyanci, Larabci da Sinanci kuwa sai wajen awa 2,200. To, mai ba wa wayarsa minti 10 kullum, a shekara bai wuce awa 61 ba. Da wannan tafiya, Faransanci zai ci masa shekara 10, Larabci kuwa shekara 36. Lalle sannu ba ta hana zuwa, amma fa masu karin maganar sun ƙara da cewa sai dai a daɗe ba a je ba.

A 1980 wani masanin falsafa Ba'amurke, John Searle, ya kawo wani misali. Ya ce a ɗauka an kulle mutumin da ba ya jin Sinanci a ɗaki, aka ba shi littafin ƙa'idoji da ke nuna masa alamar da zai mayar in an miƙo masa wata alama. Na waje za su zaci yana jin harshen, alhali kuwa bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Shi Searle a kan kwamfuta yake magana, amma mu muna ganin misalin ya hau kan ɗalibi ma. Mutum zai iya shekara yana danna amsa daidai, yana tara maki, ya koyi wasan ya bar harshen. Mu malaman sakandare ba baƙin wannan ba ne: mun sha ganin ɗalibin da ya yi shekara shida yana cin jarrabawar Turanci, amma in baƙo ya tambaye shi hanya sai baki ya mutu. A gefe guda ga ɗan kasuwar da ya zo daga Kudu ya buɗe shago a Sabon Garin Kano, bai taɓa shiga ajin Hausa ba, amma kafin a jima yana ciniki har da zolaya. Shi abincinsa ne ya rataya a kan maganar.

Binciken masana ma ya ƙarfafa wannan. A 1985 Merrill Swain ta yi bayani a kan yaran Kanada masu jin Turanci waɗanda aka yi shekaru ana koya musu darussa da Faransanci. Sun iya ji da karantawa sosai, amma maganarsu da rubutunsu ba su rabu da kurakuran nahawu ba. Ta fahimci cewa sauraro kaɗai ba ya wadatarwa, sai an matsa wa ɗalibi ya yi magana, ya ga an kasa gane shi, ya gyara. Haka kuma Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, cuɗanya da mutane ce ta sa ya iya harshen har aka laƙaba masa Ɗan Hausa.

Wani zai ce ai zamani ya canja, tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 ana iya hira da na'ura ta ba da amsa kamar mutum, har ta gyara kuskure. Gaskiya ne, kuma wannan ya matsar da ita daga hawa na farko zuwa cikin na biyu. Amma a nan ne muke ganin gundarin maganar yake. Abin da ya sa matasa ke son na'ura shi ne ba a jin kunyarta. To, wannan kunyar da ake gudu, ita ce kuɗin makarantar harshe. Na'ura ba ta jin haushi in an yi mata ɓaranɓarama, ba ta dariya, ba ta fasa ciniki, ba ta hana auren 'yarta. Magana zarar bunu ce saboda akwai mai ji wanda za ta iya yi wa rauni ko ta faranta masa. Wanda bai taɓa ɗaukar wannan nauyi a wani harshe ba, har yanzu baƙo ne a cikinsa, komai yawan kalmomin da ya tara.

Saboda haka amsarmu ita ce, na'ura za ta raka mutum har ƙofar gida, amma sallama da shiga da zama da mutanen gidan nasa ne. Mai tallar da ya ce masa zai laƙanci harshe cikin 'yan makonni ya zalunce shi, shi kuma in ya yarda don gudun wahala ya zalunci kansa. Shawararmu ga sababbin marubuta ita ce su riƙi manhaja don tishi, sa'an nan su nemi masu harshen su zauna da su, su saurari rediyo, su karanta littattafai, su yi rubutu su miƙa a yi musu gyara ba tare da fushi ba. Kada kuma neman harshen wasu ya sa su saki nasu, domin Hausar ma ba dabo ba ce, kuma hawanta na uku a bakin tsofaffi da kasuwa da dandali ake samun sa. Allah ya buɗe mana harsuna, ya sa mu faɗi alheri da su, amin.