Amanar Sirri a Hannun Lauya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ga wata mas'ala da ta cancanci ƴan'uwa su tsaya a kanta. A ƙaddara wani ɗan kasuwa ne a Maraɗi, shari'a ta haɗa shi da abokin hulɗarsa, ya ɗauki lauya. Don aiki ya yi kyau, ya buɗe masa takardunsa duka, har da cinikin da ya ɓoye wa masu karɓar haraji. Shari'a ta ƙare, saura jika 500 na ladan aiki, ɗan kasuwa ya yi ta jan ƙafa. Sai lauya ya aika masa cewa in bai biya ba, zai kai takardun nan ofishin haraji. Shin ya yi daidai?

Wani zai ce ai mai laifi ya tsoratar. Lalle hana ma'aikaci haƙƙinsa zalunci ne, ɓoye haraji kuma cutar jama'a ne. Amma a duba sharaɗin da lauyan ya gindaya: in an biya shi, zai yi shiru. Ashe ba dukiyar ƙasa ce ta dame shi ba. Shirunsa ya kasa a faifai yana neman mai saye, sirrin da aka ba shi amana ya mai da shi jingina.

Dokar aikin lauya a Nijar ta wajabta riƙe sirrin wanda ake karewa, ta kuma buɗe ƙofar halal: rigimar kuɗin aiki ana kai ta gaban shugaban ƙungiyar lauyoyi. Yana da damar yi wa mutumin nasiha a keɓe ya gyara tsakaninsa da hukuma, yana da damar ƙin sake yi masa aiki. Da za a bar lauyoyi suna razana mutane da abin da suka ji, ba wanda zai ƙara gaya musu gaskiya, har mai gaskiyar ma ya rasa mai kare shi.

Imamul Gazali, a cikin Ihya'u, ya lissafa tona asiri cikin cututtukan harshe. Sayyidina Huzaifa ɗan Yamani kuwa, da Manzon Allah (SAW) ya sanar da shi sunayen munafukai, ya riƙe sirrin, duk da kuwa miyagu ne mutanen. Munin halin wanda ake rufa wa asiri ba ya sauke amana daga wuyan wanda aka ɗora wa ita.

Likita, malamin da ake kai wa kuka, muƙaddamin da murid ya faɗa wa abin da ke zuciyarsa, kowa yana ɗauke da irin wannan kaya. Ranar da aka ɓata da mai sirrin, ranar ake sanin ko an iya ɗaukarsa.

Allah Ya tsare harsuna daga cin amana, alfarmar Annabi (SAW). Amin.