Carbi Yana Ƙirga Baki, Wa Ke Ƙirga Zuciya?

Jama'a, tambayar da na kawo muku yau a kasuwa na tsince ta. A hutun da ya wuce na riƙa tsare wa kawuna rumfa a kasuwar Sabon Gari. Kusa da mu akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da manja. Da zarar ciniki ya lafa sai ta zaro carbi daga jaka, ta runtse ido tana ja. Da fari na ɗauka Musulma ce, sai da na hangi gicciye a jikinsa.

Ran nan na ce, "Mama, ashe ku ma kuna da carbi?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, sunansa rosari." Ta nuna mini 'ya'yansa 59, da yadda aka kasa hamsin daga ciki goma-goma. A kan kowane ɗa ana yin addu'ar gaisuwa ga Maryamu, amma kowane goma yana da labarinsa da ake so zuciya ta tsaya a kai yayin da baki ke maimaici. Waɗannan su suke kira asirai. A da 15 ne, na farin ciki da na baƙin ciki da na ɗaukaka, kamar yadda Paparoma Pius na Biyar ya tabbatar a 1569, har Paparoma John Paul na Biyu ya ƙara biyar na haske a 2002. Ta ce a watan Oktoba ba ta fashi, kuma babban cocinsu na Kano sunan Fatima yake ɗauke da shi, wato wani gari a ƙasar Fotugal inda suka yi imani Maryamu ta bayyana ga yara uku a 1917.

Na tambaye ta amfanin waɗannan labarai. Ta ce, "In ban ba zuciyata abin kallo ba, tana komawa kan kuɗin manja."

Da magariba na koma Fagge, na yi salla, na ja tasbihi 33, tahmidi 33, takbiri 33. Sai da babban yatsana ya kai ƙarshe na farga ashe tun farko lissafin bashin rumfa nake yi. Kunya ta kama ni. To, wane ne ya yi zikirin nan, ni ko yatsana?

Da na ba wani abokina labari sai ya ce ai maimaici duk aikin banza ne, gara kalma ɗaya da natsuwa a kan dubu babu ita. Ban yarda da shi ba. Zuciya akuya ce, carbi kuwa turke. Akuyar da aka ɗaure tana fizga, tana kai-komo, amma ba ta wuce tsawon igiya, in ta gaji kuma ta dawo gindin turke ta kwanta. Wanda ya tumɓuke turke don akuya tana fizga, a gonar mutane zai same ta.

Wani kuma ya ce bai kamata Musulmi ya ɗauki darasi wajen mai gicciye ba. Lalle bambancinmu babba ne, ba na ɓoye shi. Mu ba mu yarda an gicciye Annabi Isa ba, ba ma kuma roƙo ta hanyar mahaifiyarsa, ko da yake sura ta 19 a Alƙur'ani sunanta take ɗauke da shi. Sai dai darasin da na samu namu ne tun asali. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani kan halartar zuciya a cikin Ihya'u. Na karanta na ci jarrabawa, bai taɓa ni ba sai da na ga tsohuwa ta runtse ido a tsakiyar hayaniyar kasuwa. Bahaushe ya ce gani ya kori ji.

Saboda haka, ya ɗan'uwa mai karatu, kada ka jefar da carbinka, kada kuma ka yarda da lissafinsa. Kafin ka ja tahmidi, ka tuno ni'ima guda tak da aka yi maka yau, ka kafa zuciya a kanta. Ni na gwada. A cikin 33 nakan sami biyar ko shida da zan iya cewa ina nan sa'ad da aka faɗe su. Allah ya ƙara mana, amin.