Tsohuwar Motar Iyali da Tambayar Wanzuwar Abu

Daga cikin tambayoyin da masana falsafa suka daɗe suna kai-kawo a kansu akwai tambayar abin da ke sa abu ya ci gaba da zama shi ne alhali sassansa suna sauyawa, kuma da wuya a sami inda tambayar ta fi fitowa fili a yau kamar ƙaramar motar iyali da ta shekara ashirin a hannun magidanci ɗaya. Mota irin Toyota Corolla, wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1966, kuma aka sayar da sama da miliyan 50 zuwa 2021, takan iso Kano ko Maraɗi ta tashar ruwan Kwatano bayan ta gama aiki a Turai ko Amurka, sannan ta shiga rayuwa ta biyu, inda za a sauya mata lagireto da kuloci, a yi mata walda inda tsatsa ta ci, a sake fenti, wata rana ma a sauke inji a ɗora wani da aka sayo a Ƙofar Ruwa ko Fanteka. Duk da haka mai ita bai taɓa shakkar cewa ita ce dai motar da ya saya tun farko ba.

Marubucin Girka, Fulutak, ya kawo irin wannan matsala a tarihin Tisiyus, inda ya ce mutanen Atens sun adana jirgin ruwan wannan gwarzo, suna cire katakon da ya ruɓe suna sa sabo, har masana suka rabu a kan ko jirgin na asali ne ko wani ne daban. A 1655 Tomas Hobs na Ingila ya ƙara wa matsalar ƙulli, da ya tambaya yadda za a yi hukunci idan wani ya tara tsofaffin katakan ya haɗa jirgi na biyu, wanda a gareji daidai yake da bakaniken da ya tara duk abin da ya cire ya tayar da wata motar.

Hukuma ta huta da wannan jayayya ta hanyar jingina komai ga lambar shasi, wato haruffa da alƙaluma 17 da aka daidaita tsarinsu tun 1981, sai dai wannan dabarar rajista ce kawai. Aristotal, wanda Ibn Sina da Ibn Rushd suka yi nazarinsa sosai, ya bambanta madda, wato abin da aka yi abu da shi, da sura, wato tsarin da ya sa ya zama abin da yake, kuma bisa wannan ra'ayi, mota tana nan muddin tsarinta da aikinta suna nan. Amma sura ita kaɗai ba ta isa ba, domin dubban motoci sun fito da sura ɗaya. Abin da ya keɓe wannan motar shi ne tarihinta da bai yanke ba, tun da kowane sabon ƙarfe ya shigo ne cikin abin da ake kula da shi, ta hanyar juyen baƙin mai a kan kari da sauraron ƙarar inji kafin ta zama ɓarna. Ashe ke nan wanzuwar motar a hannun mai ita take.

A nan ne falsafa ta haɗu da addini, domin Musulunci yana ɗaukar dukiya a matsayin amana da za a tambayi bawa a kanta. Malaman fiƙihun Malikiyya suna sa abin hawa cikin kayan da aka ajiye don amfanin kai, waɗanda ba a fitar musu da zakka, saboda buƙata ce suke biya. Wanda ya riƙe tsohuwar motarsa alhali maƙwabta suna sauya nasu yana aiki da ƙana'a, wato wadatar zuci da abin da ya ishe shi, yana kuma tsare kansa daga cin bashi don ganin ido. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsakanin almubazzaranci da ƙwauro, kuma wannan ma'auni yana da kaifi biyu, domin mutumin da ya ɗora matarsa da 'ya'yansa a kan sudaddun tayoyi da birkin da ba ya ci ya bar ƙana'a ya faɗa rowa, ya kuma saɓa wa ƙa'idar shari'a ta hana cutarwa.

Saboda haka kulawar da ta sa motar ta wanzu ita ce kuma za ta nuna ranar rabuwa da ita. Muddin gyara yana mayar da ita abin da iyali za su shiga cikin aminci, riƙe ta godiya ce ga ni'ima. Ranar da shasin ya ruɓe har walda ta kasa riƙe shi, surar ta riga ta tafi ko da lambar tana nan, kuma amanar rayukan da ke ciki ta fi amanar ƙarfe nauyi.