Idan Baƙo Ya Wuce Kwana Uku

Duk mun taso muna jin cewa liyafar baƙo kwana uku ce, Bahaushe ma ya ce baƙo raɓa ne. To yaya ke nan idan rana ta take tsaka raɓa ba ta bushe ba? Yaya idan an ƙone gidan da baƙon zai koma, ko hanyar garinsu ba ta biyuwa?

A 2014 Gwoza da Bama da Mubi suka faɗa hannun Boko Haram, Baga ta bi baya a farkon 2015. Sama da mutum miliyan 2 suka bar gidajensu. Wasu suka tsallaka Difa a Nijar, wasu sansanin Minawao a Kamaru. Amma mafi yawan waɗanda suka tsaya a Najeriya ba sansani suka shiga ba, gidajen mutane suka sauka, a Maiduguri da Yola da sauran garuruwa. In kuwa aka ce gidan mutane, ke kin san kan wa nauyin yake faɗawa. Ke ce mai ƙara awo, ke ce mai raba ɗaki da tabarma, ke ce mai lallashin yaron da yake firgita cikin dare. Satin farko kowa da fara'arsa. Wata shida ne yake tona mutum, lokacin da buhu ya yi ƙasa, maigida ya fara tsaki, yaranki da nasu suka fara faɗa a kan bokitin wanka. Zo mu zauna ai zo mu saɓa ne, kuma ba na ganin laifin matar da ta gaji. Gajiya ba zunubi ba ce. Abin dubawa shi ne me gajiyar take halatta mana.

Mu tuna Habasha. Sahabban da suka gudu can, cikinsu har da Nana Ruƙayya da Ummu Salama, a hannun sarkin da ba addininsu yake yi ba suka sauka. Ƙuraishawa suka aika Amru ɗan Asi da kyaututtuka don a miƙo su, Najjashi ya saurari ɓangarorin biyu, ya ƙi. Kuma ba kwana uku suka yi ba. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib bai dawo ba sai shekara ta 7 bayan Hijira, wato ya haura shekara goma a ƙasar mutane. Abin da Najjashi ya yi shi ne ginshiƙin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1951: ba a mayar da ɗan gudun hijira inda ake neman ransa. Wanda bai tsallaka iyaka ba kuwa, yarjejeniyar Kampala ta 2009 ta ɗora nauyinsa a kan gwamnatinsa, har ta ambaci a taimaki masu masaukinsa. Nijar ta mayar da ita dokar ƙasa a 2018. Kin ga ashe matar da ta ciyar da mutum goma tana da bakin tambayar hukuma ina nata tallafin, ba roƙo take yi ba.

Kada kuma ki ɗauka ba da mafaka aikin sarakuna ne kawai. Ranar da aka buɗe Makka, Ummu Hani ta ɓoye wasu dangin mijinta, ɗan'uwanta Sayyidina Ali yana neman kashe su. Ta kai maganar gaban Annabi (SAW), ya tabbatar da kariyar da ta ba su. Maganar mace ɗaya ta zama katanga.

To mu, me muka yi da tamu katangar? Nan ne nake son mu faɗa wa juna gaskiya. Akwai gidajen da aka ɗauko yarinya 'yar gudun hijira da sunan taimako, ta koma 'yar aikin da ba a biya. Yaran gida su tafi boko da Islamiyya, ita tana bakin murhu, in an yi magana a ce ai ci da sha ma gata ne. Akwai masu ƙara kuɗin haya don sun san mutum ba shi da zaɓi. Akwai masu neman auren 'ya'yansu a arha, ba bincike, ba waliyyin kirki, wata uku a sako ta da ciki. Wallahi wannan ba taimako ba ne, cinikin wanda ya rasa mafita ne. Mu malaman Islamiyya muna ganin alamarsa a aji: yarinya mai kaifin hadda ta zo sau biyu a sati, tana gyangyaɗi, hannu duk kaushi.

Da Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa a Madina, shi hanyar kasuwa ya nema a nuna masa. Yawancin matan nan haka suke. Manoma ne da 'yan kasuwa a garuruwansu, wasu sun fi mu rufin asiri kafin abin ya faru, kwanon tuwon da ake miƙa musu kullum yana ci musu rai. Bayan gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri a 2021, da yawa ba su koma gida ba, cikin unguwanni suka bazu suna haya. Waɗannan sun tashi daga baƙi, maƙwabta ne. A sa su a adashin unguwa, a ba su aron keken ɗinki ko kaskon suya, a rubuta 'ya'yansu a makaranta ko ba su da takardar haihuwa. Da yawansu ɗinkin hula suke yi, guda ɗaya tana cin makonni ana soka allura. In ta kawo miki talla, ki saya a kan kuɗin da za ki biya a kasuwar Monday Market.