Furfura Ba Ta Hana Riƙon Maraya

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko ka taɓa cewa a zuci, "'Ya'ya sun yi aure, saura in huta"? Ni ma haka na ce. Sai ƙanena ya rasu a wurin cirani, matarsa kuma ta bi shi bayan damana ɗaya, suka bar yara biyu. Dangi suka taru a zaure, kowa ya sunkuyar da kai. Na tuna da rumbuna, na tuna da furfurata, tsoro ya kama ni. Matata ce ta ce, "Maigida, in ba mu ba, sai wa?"

Watakila yau a ƙofarka maganar take. Kana cewa ƙarfi ya ƙare, hatsi ba ya kai ku kaka. Gaskiya ne. Amma buɗe Littafi Mai Tsarki ka gani. Sa'ad da Hannatu ta kai Sama'ila Shilo, a hannun Eli firist ta bar shi. Yaron yana girma, Eli yana ƙara tsufa, har idanunsa suka dushe, 'ya'yansa na cikinsa kuwa sun lalace. Duk da haka shi ne ya koya wa yaron yadda zai amsa kiran Ubangiji da dare (1 Sama'ila 3). Mordekai ya riƙe Esta, marainiya, 'yar ɗan'uwan mahaifinsa, kamar 'yarsa. Bai san ta wurinta Allah zai ceci jama'arsa ba.

Riƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A yunwar 1984 na ga tsofaffi suna raba ludayin fura da jikokin da aka bar musu. Amma ka yi hankali, akwai riƙon da Allah ba ya so. Wani ya karɓi yarinya don ya sami mai daka da ɗibar ruwa. Nasa suna makaranta, ita tana talla. Nasa suna cin tuwo, ita sai ƙanzo. Wannan bauta ce. Ubangiji ya faɗakar da mu cewa yana jin kukan maraya (Fitowa 22:22-23).

In ka karɓa, ku ci a akushi ɗaya. Ka nema masa takardar haihuwa, ka sa shi makaranta, ka kai shi likita in ya yi ciwo. Gonar ubansa amana ce, kada ka haɗa ta da taka. Da yake ba ka san ranarka ba, ka kira dangi da dattawan ikilisiya tun yanzu, a shaida abin da yake nasa, a san wanda zai ci gaba da riƙonsa in ka riga shi.

Me ya sa za mu yi haka? Domin mu ma 'yan riƙo ne. Zunubi ya raba mu da Allah, ba mu da gādo. Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye, ya tashi, domin a karɓe mu a gidan Uba, a matsayin 'ya'ya (Galatiyawa 4:4-7). Wanda aka buɗe wa ƙofa haka, yaya zai rufe tasa?

Ba zan ruɗe ka ba, akwai gajiya, wata rana har da kwana da yunwa. Amma har yau Allah bai kunyata gidana ba.

Akwai maraya a danginka ko a garinku? Ku durƙusa kai da iyalinka yau da dare, ku tambayi Ubangiji. In ya ce ka karɓa, kada ka taurare zuciyarka.