Ina Iyakar Mai Shirya Fim a Kan Labarin Yesu?

A lokacin Azumi da Ista da yawa daga cikinmu a Maiyama da Jega da Aliero sukan kalli labarin Ubangijinmu a talabijin ko a wayar hannu. Wasu sun san fim ɗin "Jesus" na 1979, wanda ya bi Bisharar Luka, aka kuma juya shi zuwa Hausa. To, shin mai shirya fim yana da izinin ƙara abin da Bishara ba ta faɗa ba?

Ƙari dai ba makawa. Marubutan Bishara ba su gaya mana tsawon Yesu ko launin fatarsa ba, amma dole ɗan wasa ya fito da fuska. Matiyu bai faɗi yawan masanan da suka zo daga gabas ba, kyautai uku ya lissafa. Veronika ma, wadda muke tunawa a tasha ta shida ta Hanyar Gicciye, ba ta cikin Bishara, al'adar masu bi ce ta kawo ta. Irin wannan ciko yana taimakon addu'a, bai kuwa ɓata sunan kowa ba.

Amma akwai ƙarin da yake zama shaidar zur. A "Jesus of Nazareth" na Franco Zeffirelli, 1977, an nuna Maryamu Magadaliya karuwa ce. Wannan zato ya daɗe yana yawo kafin fim ɗin, amma ba inda Bishara ta ce haka. Luka 8:2 ya ce an fitar mata da aljanu bakwai, Yohanna 20 kuwa ya nuna ita Ubangiji ya fara bayyana wa bayan tashinsa. A 2016 Paparoma Francis ya ɗaga ranar tunawa da ita, 22 ga Yuli, zuwa matsayin idi. Duk da haka, abin da ido ya gani ya fi daɗewa a zuciya, musamman ga yaro, da wanda bai yi karatu ba, da maƙwabcin da bai taɓa shiga coci ba.

Saboda haka iyakar ita ce doka ta takwas, wadda ta hana shaidar ƙarya a kan maƙwabci, ko yana raye ko ya riga mu gidan gaskiya. Mai fim ya zaɓi tufa da murya yadda ya ga dama, amma kada ya ɗora wa mutum laifin da Nassi bai ɗora masa ba. Matasanmu masu shirya wasan kwaikwayon shan wahalar Ubangiji su kiyaye wannan. Iyaye da katikis kuma, in an gama kallo, a buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta wa yara surar, domin su san wanne ne na Bishara, wanne ne na mai fim.