NASIHA GA ƊALIBIN DA YA SHIGA SHEKARAR FARKO TA JAMI'A

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, muna raka ɗiyanmu tasha, mu yi musu addu'a, mu dawo gida muna zaton an gama. Alhali kuwa a rannan ne aikin ya soma. Yaron da ya bar Damagaram zuwa Yamai ya yi tafiyar kusan kilomita 900. Ya ƙetare gadar Kenedi ya sauka Harobanda, inda Jami'ar Abdu Mumuni take, babu mahaifin da zai buga masa ƙofa da asuba, babu malamin da zai kira sunansa a aji. A amfi malami yana karantarwa ya wuce, bai san wanda ya zo ba, bai san wanda ya kwana ba. Tun daga shekarar 2010 an sami jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, tafiyar ta ragu ga wasu, amma ɗan ƙauyen da ya shigo birni baƙo ne ko da garinsu yana kusa.

Ya kai ɗalibi, ka sani fita neman ilimi gado ne na magabata. Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya yi doguwar tafiya har ya gaji domin ya koyi abin da bai sani ba, kamar yadda ya zo cikin Suratul Kahfi, kuma sharaɗin da aka gindaya masa shi ne haƙuri. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi ya yi tafiyar wata guda saboda hadisi ɗaya. To, kewar gida da ke damunka, da layin abinci, da cunkoson ɗaki, duk suna cikin wahalar da ake ba da lada a kanta idan niyya ta gyaru.

Abin da ya fi saurin zubewa a shekarar farko shi ne salla, kuma a nan muke son tsayawa. Wasu ɗalibai suna cewa su matafiya ne, sai su yi ta ƙasaru wata da watanni. A mazhabar Imamu Malik, ƙasaru tana halatta gare ka a kan hanya, amma da zarar ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, ka zama mazauni: ka cika sallarka raka'a huɗu, kuma Juma'a ta wajaba a kanka. Ina ga wanda ya zo zaman shekara uku? Sai kuma maganar darasin da ya faɗo kan lokacin Azahar ko La'asar. Shari'a ta yalwata mana, domin kowace salla tana da lokacin zaɓi, kuma lokacin zaɓin Azahar yana nan har inuwar abu ta kai tsawonsa. Ka duba jadawalinka tun ranar farko, ka san tsakanin wane darasi da wane za ka yi salla, ka fito da alwallarka. Amma tara Azahar da La'asar da Magariba har dare da sunan karatu, wannan ba uzuri ba ne, kuma wanda ya saba da shi a watan farko da wuya ya rabu da shi.

Sai aboki. Manzon Allah ya kamanta abokin kirki da mai sayar da turaren almiski, mugun aboki kuwa da mai zuga wutar maƙera, cikin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito. Mutanen da ka zauna da su a makonnin farko, galibi da su za ka gama. Ka nemi masallacin jami'a tun kafin ka nemi majalisar shayi. Kuma ka yi hattara da masu janka zuwa ga kafirta iyayenka da malaman garinku bayan ka karanta ɗan littafi ɗaya. Ilimin da ya fara da raina mahaifi abin tuhuma ne.

Za ka tarar da yajin karatu da zanga-zanga. Ba mu ce ɗalibi ya yi shiru a kan haƙƙinsa ba, kuma ba mu manta da ɗaliban nan uku da aka kashe a gadar Kenedi ranar 9 ga Fabrairu 1990 ba, Allah Ya jiƙansu. Amma ka san abin da ka fito nema kafin ka bi taro, kuma ƙone dukiyar jama'a haramun ne ko wa ya yi umurni da shi. Haka satar amsa a jarrabawa, algus ne, kuma likitan da ya sami takarda da algus, ran wa za a damƙa masa?

Ku kuma iyaye da masu hali, kuɗin tallafin gwamnati ba kowa ke samunsa ba, kuma yakan yi jinkiri. Yunwa tana kai yaro, balle ɗiya mace, inda tarbiyya ba ta so. Kada ku jira sai sun roƙa. Ku tambaye su inda suke kwana, da wa suke zaune, me suka ci. Ɗalibi matalauci yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su, kuma kowane masallacin unguwa yana iya sanin ɗiyansa nawa ne suka tafi jami'a bana, ya haɗa su da wani dattijo amintacce a garin da suka sauka.

Allah Ya tsare mana su, Ya ba su ilimi mai amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.